Yaro Mai Farfaɗiya: Tambayoyin Iyaye Kan Motsin Gaɓoɓinsa, Basirarsa da Karatunsa

Idan likita ya ce wa uwa ɗanta na da farfaɗiya, abin da take fara tambaya shi ne ko zai warke. Tambaya ta biyu ba ta cika fitowa ba sai an kusa sallama, ita ma da murya ƙasa-ƙasa: "To kansa fa, likita? Zai yi karatu kamar 'yan uwansa?" Wata uwar kuma ta lura ɗanta ya fi sa'o'insa yawan tuntuɓe, ko cokali na yawan suɓuce masa, ko ya kai shekara bakwai bai iya sa maɓallin rigarsa ba, ta rasa ko ciwon ne, ko maganin ne, ko kuwa haka Allah ya yi shi. Irin waɗannan tambayoyi ne na tattara a nan. Amsoshin don fahimta ne, likitan da ya duba yaron da idonsa shi ke da ta cewa a kan magani.

Duk yaron da ya yi jijjiga farfaɗiya gare shi?

A'a. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna magana da juna ne ta 'yan ƙananan saƙonnin lantarki. Idan wani gungu a cikinsu ya ɓarke da aika saƙo lokaci guda ba tsari, sai abin ya bayyana a jiki: sanƙarewa, jijjiga, taune-taune, ko ɗaukewar hankali na ɗan lokaci. Zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya jawo haka ga yaro tsakanin wata 6 da shekara 5, kuma yawancin masu jijjigar zazzaɓi suna girma su wuce ta ba ta bar musu tabo ba. Sai dai a wurarenmu, inda zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suke, yaro mai zazzaɓi da jijjiga asibiti ake kai shi nan take, ba a zama ana cewa zai wuce.

Likitoci sukan kira abin farfaɗiya idan ya faru sau biyu ko fiye, da tazarar sama da awa 24, ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita da kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu.

Gaskiya ne farfaɗiya tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin ran iyaye, kuma ita ce aka fi ba su amsar da ba daidai ba a kanta. Mafi yawan yara masu farfaɗiya basirarsu daidai take da ta sauran yara. Binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna kimanin uku cikin huɗu haka suke, ɗaya cikin huɗu ne ke da raunin fahimta na sosai. A inda ciwon ya fi samo asali daga rauni a ƙwaƙwalwa, kamar wahalar haihuwa ko sanƙarau, adadin masu raunin kan fi haka.

Abin da ya kamata a gane shi ne, farfaɗiya alama ce, kamar yadda tari alama ne. Akwai tarin mura, akwai tarin fuka. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska lokacin haihuwa, wannan raunin shi ne ya kawo jijjigar, shi ne kuma ya kawo jinkirin magana da na tafiya. Duka biyun rassa ne na tushe ɗaya. Wani yaron kuwa ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take a hoto, irin farfaɗiyarsa ta yarinta ce mai wucewa, kuma zai iya zama na ɗaya a aji.

Bayan asalin ciwon, akwai abubuwan da ke ƙara nauyi: fara ciwon tun ana jinjiri, yawan tasowarsa, daɗewa ba a shawo kansa ba, da haɗa magunguna biyu ko uku. Sannan akwai na ƙarshe wanda ba ya cikin ƙwaƙwalwa ko kaɗan, wato yadda mu manya muke yi da yaron. An cire shi daga makaranta, an hana shi wasa, an daina aikensa, an ware masa kwano. Bayan shekara biyar sai a ce ai ciwon ne ya mai da shi haka. A ganina wannan asarar ta fi kowacce ciwo, domin ita ce ke hannunmu.

Har a cikin masu basira daidai ma akan sami 'yan matsaloli ƙanana da ya kamata a sani: saurin ɗaukewar hankali daga abin da ake yi, jinkiri wajen kama umarni, da mantuwa. Kusan ɗaya cikin uku na yara masu farfaɗiya na da matsalar rashin natsuwa da tattara hankali. An kuma gano cewa da yawansu suna da ita tun ranar da aka fara gano ciwon, kafin su haɗiyi ƙwaya ko ɗaya.

Me ya haɗa farfaɗiya da motsin hannu da ƙafa?

Motsi ba aikin tsoka kaɗai ba ne. Kafin yarinya ta cilla dutsen carafke sama, ta kwashe na ƙasa, ta cafe wanda ta cilla kafin ya faɗi, sai ido ya auna nisa, gaban ƙwaƙwalwa ya tsara abin da zai zo bayan wani, sashen da ke ba gaɓoɓi umarni ya aika saƙo, ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya ta daidaita lokaci da ƙarfi. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Hanyoyin da ke wannan aiki su ne dai ke taimaka wa yaro ya tattara hankali ya bi darasi daki-daki. Shi ya sa sau da yawa yaron da hannunsa ke da nauyi a rubutu, za ka tarar kan nasa ma yana buƙatar ƙarin lokaci kafin ya amsa tambaya.

Masana sun raba motsi gida biyu. Akwai babba: zama, rarrafe, tafiya, gudu, tsalle, tsayawa da ƙafa ɗaya kamar a wasan langa. Akwai ƙarami na yatsu: riƙe alƙalami, ɗaura zariya, ɓare gyaɗa, zira zare a allura. Yara masu farfaɗiya, idan an gwada su da sa'o'insu, an fi ganin bambanci a saurin yatsu, da haɗin ido da hannu, da daidaita jiki kada a yi tangaɗi. Yaron kan iya yin abin, amma a hankali, ko ya gaji da wuri.

Wani rukunin kuma nasu ya fi haka nauyi: yaran da ke da raunin ƙwaƙwalwa mai sa gaɓoɓi su ƙage ko su saki tun suna jarirai. Kimanin ɗaya cikin uku na irin waɗannan yara suna da farfaɗiya. Su ne a wasu ƙauyuka ake kira 'yan ruwa, ana ɓoye su a ƙuryar ɗaki. 'Ya'yan mutane ne da suka sha wuya wajen haihuwa ko bayanta, kuma gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi da wuri na yi musu amfani ƙwarai.

Bayan ya farfaɗo, hannunsa ɗaya kan saki. Shanyewar ɓarin jiki ce?

Yawanci ba ita ba ce. Sashen ƙwaƙwalwar da jijjigar ta taso daga ciki yakan galabaita, sai hannu ko ƙafa na ɗaya ɓarin ya yi laushi na mintuna ko awowi, yawanci ya dawo kafin kwana biyu. Ku riƙe wane ɓari ne, dama ko hagu, ku faɗa wa likita, domin yana nuna masa inda ciwon ke tasowa. Amma idan karo na farko ne, ko yaron mai sikila ne, kada a jira: masu sikila suna samun toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa tun suna ƙanana, kuma awa ɗaya a nan ba abin wasa ba ce.

Yaushe jinkirin zama ko tafiya ya zama abin damuwa?

Yara ba sa tafiya rana ɗaya. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, har da Gana. Zama ba tallafi ya kama daga wajen wata 4 zuwa 9, tafiya da kai daga wajen wata 8 zuwa kusan 18. Kenan ɗan wata 14 da bai taka ba, bai makara ba tukuna.

A nemi likita idan ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai yi tafiya ba, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Haka idan tun bai shekara ba ya zaɓi hannu ɗaya, ɗayan kullum a dunƙule. Mutane kan ce bahago ne, alhali sau da yawa ɗayan hannun ne ke da rauni. Abin da ya fi duka gaggawa shi ne komawa baya: yaron da ya iya zama ya daina, wanda yake kiran "Umma" ya yi shiru. Akwai wata irin farfaɗiya da ba a cika samu ba, mai kama yara tsakanin shekara 3 da 8, wadda lantarkin ƙwaƙwalwa ke hargitsewa cikin barci, yaro ya wayi gari kamar kurma, ba ya gane magana alhali kunnensa lafiya.

Jaririna yakan zabura ya dunƙule sau da yawa a jere. Ciwon ciki ne?

Ku ɗauke shi bidiyo da waya ku kai wa likitan yara cikin kwanakin nan, kada ya kai mako. Idan jinjiri tsakanin wata 3 da 12 yana sunkuyar da kai farat ɗaya, yana ware hannuwa ko dunƙule su, daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya saki, ya sake, har sau goma ko ashirin, musamman da ya tashi daga barci, akwai yiwuwar wata farfaɗiya ce ta jarirai mai cin ƙwaƙwalwa da sauri. Jinjirin yakan daina murmushi, ya daina bin fuska da ido. Tana da maganinta na musamman, kuma saurin fara shi na da tasiri a kan basirar yaron nan gaba. Jiƙo da ruwan ɗumi ba su da abin yi a nan.

'Yata ba ta faɗuwa. Sai dai ta yi tsit ta ƙura ido. Wannan ma farfaɗiya ce?

Tana iya zama. Na ga haka a gidanmu. 'Yar yayata tana aji uku, malaminsu ya sa mata suna "mai tunani", ya sha zane ta a kan rashin sauraro. Wata ranar Juma'a muna tsakar gida tana tsince mana shinkafa a faifai, tana ba ni labarin wata ƙawarta, sai ta tsaya a tsakiyar kalma. Yatsunta na cikin shinkafar, gashin idonta na ɗan rawa. Na kira sunanta sau biyu, na taɓa kafaɗarta, shiru. Ban ƙirga goma ba ta ɗora daga inda ta tsaya, ba ta ma san an yi komai ba. Kafin la'asar na ƙirga sau bakwai.

Wannan ita ce farfaɗiyar ɗaukewar hankali, mai farawa tsakanin shekara 4 da 10, ta fi kama 'yan mata. Kowane karo daƙiƙa goma ne ko makamancin haka, amma yana iya faruwa sau gommai a yini. Ku kwatanta mai sauraron rediyon da ke ɗaukewa yana dawowa: malami ya ce a buɗe shafi kaza a yi lissafi na uku, ita rabin farko kawai ta ji. Bambancinta da yaro mai zurfin tunani shi ne, mai tunani idan ka taɓa shi zai juyo. A asibiti likita kan sa yaron ya yi ta hura takarda na minti uku, sau da yawa abin ya taso a gabansa. Tana jin magani sosai. 'Yar tamu zango biyu da fara sha ta daina zama ta baya a aji, ko da yake har yanzu sai an maimaita mata umarni mai tsawo.

Tun da ya fara shan magani jikinsa ya yi sanyi. Maganin ne?

Yana yiwuwa ƙwarai. Duk maganin farfaɗiya aikinsa kwantar da lantarkin ƙwaƙwalwa ne, don haka ba mamaki ya ɗan taɓa kuzari da sauri, musamman makonnin farko.

Fenobabiton shi ne mafi tsufa, tun 1912 ake amfani da shi, shi ne kuma mafi araha. Manya yakan sa su barci, yara kuwa wani lokaci akasin haka yake yi musu: rigima, ƙiriniya, rashin zama wuri ɗaya. A 1990 an buga wani bincike a Amurka kan yara 217 masu jijjigar zazzaɓi, aka ga waɗanda suka sha shi shekara biyu sun gaza sauran da kimanin maki 8 a gwajin basira. Daga baya bincike a Indiya da Bangaladesh bai ga ya fi wasu magungunan illa ga ɗabi'ar yara ba. Ra'ayina shi ne, inda babu wani sai shi, shan sa ya fi zama da ciwo nesa ba kusa ba; inda akwai hali, ɗan makaranta ya cancanci a duba masa wani.

Kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, na iya kawo jiri, ganin abu biyu-biyu da tangaɗi idan ya yi yawa, kuma yana iya tsananta farfaɗiyar ɗaukewar hankali. Dalili kenan da ba a ari maganin ɗan maƙwabta. Idan ƙuraje suka feso ko baki ya yi gyambo bayan fara shi, asibiti ranar. Balfurowet, wato Epilim, kan sa rawar hannu da ƙiba, rawar kuma tana fitowa a rubutu. Yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka idan yarinya ta fara girma dole a sake zama da likita a kansa tun kafin maganar aure. Fenitoyin na kumbura dasashi, idan ya yi yawa yaro ya riƙa tafiya kamar mai jin jiri. Keppra bai cika taɓa basira ba, amma yakan sa wasu yaran saurin fushi. Tofiramet kuma kan sa kalma ta maƙale, yaro ya san abin da zai ce ya rasa sunansa.

To in dakatar da shi mu gani?

Kada ku yi haka. Yanke maganin farat ɗaya na iya tayar da jijjiga mai tsawo wadda ke kashewa. Ku koma wa likita da bayani takamaimai: "Da yana rubuta shafi guda, yanzu rabi", "yana barci a aji da hantsi". Ana iya rage yawan, ko a mai da kaso mafi girma zuwa dare, ko a sauya a hankali. Kuma tun da da nauyin yaro ake auna magani, duk zuwa asibiti a hau sikeli.

Me ke jawo ta a wurarenmu, kuma ana iya kaucewa?

Wasu gado ne, wasu ko an bincika ba a gano dalili. Amma kaso mai yawa a nan abubuwa ne da muka sani. Doguwar naƙuda a gida har jariri ya fito bai yi kuka ba. Shawara mai tsanani a makon farko, wadda ake shanya jariri a hantsi maimakon a kai shi a sa a fitilar asibiti. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta kashe dubbai a Arewacin Najeriya ta bar wasu da kurumta da jijjiga. Faɗuwa daga babur ba hular kwano. Sai gubar dalma: a 2010 yara kusan 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, da yawan waɗanda suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wani kwallin gargajiya da ake ranɓaɗa wa jarirai ma dalma ce a cikinsa.

Waɗannan su ne irin dalilan da ke taɓa motsi da basira tare da kawo jijjiga, shi ya sa rigakafinsu riba biyu ce. Awon ciki da haihuwa a hannun ungozoma mai horo, gidan sauro, maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina, da allurar sanƙarau. Nijar na cikin ƙasashe ukun farko da suka fara allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac a 2010, Najeriya kuma ita ta fara amfani da sabuwa mai karewa daga iri biyar na ƙwayar cutar a 2024.

Wane gwaji ake yi, kuma a ina?

Babban gwaji shi ne labarin wanda ya ga abin da idonsa, da bidiyon waya idan an samu. Sai EEG, inda ake manna 'yan wayoyi a fatar kai su ɗauko lantarkin ƙwaƙwalwa. Ba ya zafi, ba ya sa wa yaro wuta. Yana iya fitowa lafiya alhali ciwon na nan. Hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI kan biyo baya idan ana zargin tabo a cikinta. Ana samun likitocin ƙwaƙwalwar yara a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Gwajin basira masanin halayyar ɗan Adam ke yi, matsakaicin maki 100 ne, ƙasa da 70 ake ɗauka rauni. Amma yawancin gwaje-gwajen nan don yaran Turai aka tsara su, da harshensu da hotunan abubuwan gidajensu. Yaron da aka gwada da Turanci alhali Hausa yake ji, ko aka gwada shi washegarin faɗuwa, makinsa ba hukunci ba ne a kansa. Abin da ya fi amfani a takardar shi ne inda ya fi ƙarfi da inda yake buƙatar taimako.

In cire shi daga makaranta har ya warke?

Ina roƙonku kada ku cire shi. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta, ba ta yawu, ba ta numfashi, ba ta cin abinci a kwano ɗaya. Shekarun koyon karatu kuwa ba sa jira. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Najeriya haƙƙin karatun firamare da ƙaramar sakandare, kuma dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ƙara ƙarfafa hakan.

Uba ya je da kansa ya zauna da malamin aji, na boko da na allo duka. Ya ce masa: "Malam, ga lalurar da ke tare da yaron nan, ga abin da za a yi idan ta taso, ga lambata." Abin da ake nema wurin malami ba shi da tsada. A zaunar da shi gaba. A ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a sa ya maimaita. A ƙara masa lokaci wajen kwafe rubutu daga allo, ko a tambaye shi da baki idan hannun ne ke jinkiri. Washegarin faɗuwa kada a tsananta, ƙwaƙwalwar na gajiye. Bulala a kan mantuwa zalunci ne ga wannan yaro.

Game da hadda, cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, kuma rashin barci na daga manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12. Idan zai tashi karatun asuba, to ya kwanta da wuri, a ɗauke masa na dare. Aya kaɗan da yawan tilawa ta fi masa shafi guda a zama ɗaya.

Zai iya buga ƙwallo, ya hau keke, ya yi iyo?

Ƙwallo, gudu, langa, gaɗa, gara taya, duk ya yi. Da wuya motsa jiki ya tayar da farfaɗiya, kuma da shi ne gaɓoɓi ke koyon aiki. Yaron da aka zaunar a tabarma shekara uku don tsoro, dole sa'o'insa su fi shi iya gudu, ko ciwon bai taɓa ƙafarsa ba.

Haɗarin na wurare uku ne: ruwa, wuta da bisa. Kada ya je kududdufi, rafi ko bakin rijiya shi kaɗai. Ko a banɗaki kada ya kulle ƙofa, kada a bar masa babban baho cike. Kada a bar yarinya ita kaɗai a gaban murhu ko kaskon suya, domin yawancin tabon ƙuna da ake gani a jikin masu farfaɗiya daga nan ne. Hawan mangwaro da katanga a haƙura. Keke a cikin unguwa ba laifi idan ciwon ya lafa, ban da babban titi.

Me za mu yi a gida don hannunsa da kansa su ƙara ƙwari?

Gidan Bahaushe cike yake da abin da masu gashin ƙashi ke sa yara yi. Ɓarar gyaɗa da wake, tsintar shinkafa, mulmula fura, zira duwatsun ado a zare, gina shanu da laka, wasan dara, carafke, rubutu da yatsa a rairayi kafin a kai ga alƙalami. Idan fensir na suɓucewa, a naɗa masa tsumma ya yi kauri. Minti goma sha biyar a kullum cikin raha ta fi awa biyu ranar Asabar da faɗa.

Ku riƙa aikensa: yau abu ɗaya, gobe biyu, "gishiri da ashana", ya faɗa da bakinsa kafin ya fita. Tatsuniya da dare, washegari shi ya maimaita wa ƙannensa. Kuma idan yana kokawa da maɓalli, Umma ta daure ta naɗe hannunta ta bar shi ya gama, ko za a makara. Kada a manta da ciki: yaro mai tamowa ko ƙarancin jini ba zai tattara hankali ba ko da babu farfaɗiya.

Idan ta taso masa, me za mu yi? Kowace faɗuwa tana rage masa basira?

Gajeriyar jijjiga ta minti ɗaya ko biyu ba a san ta da lalata ƙwaƙwalwa ba. Doguwa ita ce abin tsoro. Ku duba agogo, ku janye abin da zai ji masa ciwo, ku sa tsumma ƙarƙashin kansa, ku juya shi ya kwanta ta gefe yawu ya zuba. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, ba ya haɗiye harshensa. Kada a ɗura ruwa, manja ko rubutu, huhu suke tafiya. Kada a yi masa hayaƙi, kada a danne shi. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake tasowa bai farfaɗo ba, a nufi asibiti mafi kusa.

A kuma kore 'yan kallo, a rufa masa zane idan ya yi fitsari. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (SAW), a hadisin Ibn Abbas, abin da ta roƙa a ƙarshe shi ne kada ta riƙa tsiraita, ya kuma yi mata addu'a. Yaron da ya farfaɗo ya ga aji ya kewaye shi ana dariya, sau da yawa kunyar ce ke raba shi da makaranta.

Muna yi masa addu'a da ruƙiyya. Sai mun daina?

Ba wanda ya ce a daina addu'a. Abin da ke cutarwa shi ne a ajiye ƙwaya don ana wani abin, ko a shekara uku ana yawo kafin a taka asibiti, yaro na faɗuwa duk mako a daidai shekarun da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Idan ana ba shi wani jiƙo, a faɗa wa likita, don wasu na karo da maganin.

Zai rabu da ita? Idan ta tafi, karatun zai daidaita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai an ba su magani. A yara ma akwai nau'o'in da ke tafiya da kansu. Wadda ke zuwa cikin barci, gefen baki ya karkace, yawu na zuba, yaro na ji amma ya kasa magana, kusan duk masu ita suna rabuwa da ita kafin shekara 16. Idan yaro ya yi kimanin shekara biyu bai faɗi ba, likita kan duba yiwuwar janye maganin a hankali cikin watanni.

Karatun kuwa ba lallai ya daidaita rana ɗaya da ciwon ba. Wasu da jijjigar ta tsaya sai su buɗe kamar an kunna fitila. Wasu nauyin hannu ko wahalar haɗa baƙi na biye da su, sai an ci gaba da taimako. Don haka ku sayi ƙaramin littafi na musamman. A shafin dama ku rubuta ranar da ta taso, ƙarfe nawa, minti nawa, ko ya sha magani a daren. A shafin hagu ku rubuta abin da ya iya sabo: ranar da ya ɗaura zariyarsa, ranar da ya haddace sura, ranar da ya yi langa har bakin zaure. Duk ƙarshen zango ku tsaga shafi ɗaya na rubutunsa ku maƙala a ciki, ku tafi da littafin da kwalin maganin duk ranar ganin likita.